Baƙon Alhaji Ɗahiru a Cikin Ƙanƙara

Shekara arba'in da ɗaya Alhaji Ɗahiru yana sayar da gwanjo a kasuwar Missèbo, ba a taɓa cewa ya sayar da jabu ba. Ba shi da bene, ba shi da mota. Sunan nan shi ne dukiyarsa.

Wata Talata ya kwance dila, ya sa hannu a aljihun wani kwat, ya zaro 'yar motar wasa ja. Ya ja bayanta, ƙafafu suka fito. Ya murɗa gefe, sai ga hannu. Mota ta zama mutum yana kallo. Ya ce a'uzubillahi, ya sa ta a aljihu. A ƙirjinta akwai ɗan tambari manne, faɗin farce, da zanen fuska shuɗiya.

Labari ya kai kunnen Kassoum, direban tirela daga Sèmè-Kpodji, magidanci mai 'ya'ya huɗu da ya cika kabad da irin waɗannan abubuwa, ya kulle. Ya zo Zongo bayan azahar, ya tarar da Alhaji a ƙofar gida cikin dattawa. Ya gaishe su, ya karɓi abin, ya juya shi.

"Baba, na asali tambarinsa baƙi ne wuluk. Sai ka goga da yatsa, ɗumin jiki ya kama shi, fuska ta fito. Ka ɗauke hannu, ta ɓace. Wannan tambarin ko taɓawa ban yi ba, ga fuska tana hararata. Fenti ne. Jabu ne."

Idrisu mai shanu, abokin wasan Alhaji, ya gyara zama.

"Allahu akbar. Ashe za mu ga wannan da ranmu."

Alhaji ya ƙwace kayansa. Ya dubi sama, ya dubi gumin da ke bin wuyan Kassoum.

"Ɗumi ka ce?"

"Ɗumi, Baba."

"To zafin garin nan tun safe yake goga shi. Ku jira ni."

Ya tafi bakin layi wurin Raïmatou mai zoɓo da ƙanƙara a gilasiya, wato kula.

"'Yata, buɗe min gilasiyarki."

"Zoɓo ko lamurje, Baba?"

"Baƙo zan kwantar."

Ya tura abin cikin ƙanƙara, ya rufe, ya tsaya. Da ya buɗe, tambari ya yi baƙi wuluk. Ya ɗauka, ya dawo cikin taƙama. Taku sittin ne tsakani. Kafin ya iso fuska ta dawo.

Ya koma. Wannan karon ya rufa masa hula. Fuska ta dawo. Karo na uku Alhaji Ɗahiru, wanda ko ruwan sama bai taɓa sa shi sauri ba, ya tattare riga ya sheƙa da gudu. Mata suka leƙo ta taga. Masu zem, 'yan acaɓan garin, suka tsaya kallo. Ya iso yana haki, ya buɗe hannu. Fuska na nan.

"Ta riga ka isowa," in ji Idrisu.

"Ku tashi. Dukanku."

Dattawa bakwai suka tashi da sandunansu da butocinsu, suka kewaye gilasiyar Raïmatou. Aka kwantar da baƙo, aka jira, aka buɗe. Kassoum ya leƙa.

"Baƙi kam ya yi baƙi. Saura ya fito da yatsa."

Alhaji ya ɗaga shi ya goga. Shiru. Ya sake gogawa. Shiru. Yatsunsa sun sha ƙanƙara, sun yi sanyi kamar kifi.

"Ɗahiru," in ji Idrisu a hankali, "ko dai ka rasu ne ba a gaya mana ba?"

Dariya ta tashi har da Raïmatou. Kassoum ya miƙo hannu.

"Kawo in goga, Baba."

"Hannun da ya nuna shi ya ce jabu ba zai taɓa shi ba."

Ransa ya ɓaci. Ya ji zafi ya taso masa daga wuya zuwa kunne. Nan ya gane inda wutar take. Ya ture hula baya, ya manna ƙirjin abin a goshinsa, ya danne. Haka ya tsaya a tsakiyar layi, ƙafafun roba na lilo a kan hancinsa, idonsa a kan Kassoum.

Ya ɗauke. Ga fuska, ja, sannan kore, sannan shuɗi. Ya mayar cikin ƙanƙara, ta ɓace. Ya sake mannawa a goshi, ta fito.

Kassoum ya tsuguna.

"Na yi kuskure, Baba. Na asali ne."

"Ban ji ba."

"Na asali ne!"

"Masu zem ba su ji ba. Sun ga guduna."

Kassoum ya miƙe, ya juya wajen titi, ya faɗa da ƙarfi har sau uku. Sannan ya ce a yi ciniki.

"Ba na sayarwa ba ne," in ji Alhaji.

Ya mayar da baƙo tsakanin ledojin zoɓo, ya rufe da kansa.

"'Yata, nan zai zauna. Duk wanda ya yi shakka a kaina, ki aiko a kira ni. Amma a fara ɓata min rai tukuna."