Sanda ta Goma Sha Huɗu

"Ka kira su, Tanyus! Sau nawa zan faɗa?"

"In kira su in ce me? Tsoho ya makara cin abinci?"

"Minti hamsin! Ubana bai taɓa makarar minti biyar ba. Ranar da aka binne uwata ma shi ya riga kowa isa maƙabarta."

Hasiba na tsaye bakin kaskon gurasa, hannunta duk gari, tana yi wa mijinta magana da muryar da take ce wa raɗa. Raɗar Hasiba kuwa har teburin ƙarshe ake jinta. Baƙi wajen ashirin da hazo ya tsare a gidan abincin duk sun sunkuyar da kai cikin kwanoninsu, kunnuwa a miƙe.

Gidan abincin nasu a tsakiyar dutse yake, daidai inda hanyar 'yan koyon zamiya a kan dusar ƙanƙara ke lanƙwasawa, hanyar nan mai faɗi da ko jaka mai ciki za ta sauko ba ta yi tuntuɓe ba. Duk Lahadi, da an taso daga coci, mahaifin Hasiba, Bu Malhim, zai hau kujerun igiya masu ɗaukar mutane ta sama zuwa ƙololuwa, ya zamo a kan katakan zamiya da ke ɗaure a ƙafafunsa ta wannan hanya. Sha biyu da rabi cif yana zaune kusa da murhu, ana zuba masa miyar kishik, ta busasshen nono da alkama, da soyayyen naman rago. Shekararsa saba'in da tara. Yau ga miyar har ta yi fata a sama, ga kujerar babu kowa, ga hazo ya sauko tun sha biyu, fari fat, ba ka ganin ko matakalar ƙofa.

"Ki yi tunani, Imm Nadim," in ji Tanyus, yana kiran ta da sunan ɗansu Nadim, shi da tasa raɗar ta gaskiya. "In na kira Sarkis, ya samo shi a hanya, kallo ɗaya zai yi masa ya gane. Ya ƙwace katinsa na hawan kujeru. Wa tsohon zai tsine wa? Ni."

Abin da Sarkis, shugaban masu ceto, bai sani ba, kuma duk gidan aka rantse ba za a faɗa ba, shi ne yanar ido ta rufe idanun Bu Malhim tun shekara uku. Haske da duhu kaɗai yake bambancewa. Zancen asibiti kuwa, tsohon ya ce sai dai a kai gawarsa.

"Gara ya tsine maka da ya daskare."

"Wane irin daskare? Hazo ya dame ki da ni, shi me ya dame shi? Kullum a cikin hazo yake. Mutumin da sandunan alama yake ƙirgawa? Yana taɓa kowace da sandar hannunsa, ɗaya, biyu, uku, yana zuwa ta goma sha huɗu ya karya hagu, sai ga shi a ƙofarmu. Sau dubu ya ba mu labarin nan har na haddace..."

Nan maganar ta maƙale masa.

Ta tagar bayan Hasiba, iska ta ɗan yaye hazon, ya hango allon ƙyallensa, wanda ya rubuta MIYA MAI ZAFI da jan fenti. Jiya da yamma iska ta karya masa ƙafafun allon, ga Lahadi ranar ciniki, ga Widad mai gidan abincin tsallaken kwari ta kafa tuta har biyu tana janye masa 'yan koyo. Sai ya hau can sama, inda hanyar take miƙe sak ba mai ɓata, ya tuge sandunan alama uku, ya zo ya kafa allonsa da su. Har yaba wa kansa ya yi. Niyyarsa ya mayar da su ran Litinin.

Uku. Ya ƙirga a zuci, ya sake ƙirgawa. Tsohon zai iso lanƙwasar yana sha ɗaya. Ba zai karya ba. Zai miƙe. Miƙewa kuwa ita ce hanyar gwanaye, ita ma da sandunanta, baƙaƙe, amma ina Bu Malhim ina ganin launi? Sha biyu, sha uku, sha huɗu, ya karya hagu. Hagu a wurin nan ba komai sai Maƙogwaro, kwazazzabon da ya cinye karnuka biyu na mafarauta bara.

"Me ya same ka?" in ji Hasiba. "Ka yi fari kamar cuku."

"Ba komai. Zan kira su."

"Yanzu ka ce ba za ka kira ba."

"To na sake shawara! Haramun ne?"

Ya fizgi oba-oba daga kan teburin ciniki. Ya danna.

"Sarkis, Tanyus ne. Surukina bai iso ba. Ya hau tun sha biyu saura."

Muryar Sarkis ta fito cikin ƙara. "Bu Malhim? Wannan da zai iya saukowa ido rufe? Bari mu bi hanyar 'yan koyo mu duba."

Tanyus ya buɗe baki, ya dubi matarsa, ya rufe. Ya ce wa kansa wataƙila tsohon ya ji gangaren ya canja a ƙafarsa ya tsaya. Wataƙila ma bai hau ba. Wataƙila yana can ƙasa yana shan gahawa da tsofaffin banza irinsa. Ya ɗauki tsumma ya shiga goge teburin da ba wanda ya ci a kai.

Wata hamshaƙiya daga Berut, mai gashin da aka rina kalar albasa, ta ɗaga yatsa. "Malam, a ƙaro mana zaitun. Kuma wai baban Madam ne ya ɓata?"

"Ba wanda ya ɓata, ranki ya daɗe."

"Ayya. Shekararsa nawa?"

Ya dire mata zaitun har biyu suka yi tsalle.

Minti goma. Sha biyar. Hasiba ta ƙona gurasa uku a jere, ita da ba ta ƙona ko ɗaya tun aurensu. Ta je taga, ta dawo, ta koma. Ta cire miyar daga wuta, ta mayar. Shi kuwa Tanyus sanyin waje yake lissafi. Tsohon da rigar ulun nan tasa mai shekara talatin, wadda ya ƙi yarda a sauya masa. In ƙafa ta karye, mutum ba ya motsi, awa nawa ke nan?

Oba-oba ta yi ƙara. "Mun sauko har ƙofarku, ba kowa. Mai kula da kujeru ya ce da hannunsa ya sauke shi a sama. Za mu koma mu bi gefen dama, wajen itatuwa."

Gefen dama. Can za su ɓata awa guda.

Tanyus ya ɗauki oba-obar ya shige ɗakin ajiya, ya rufo ƙofa, ya tsuguna tsakanin buhun gari da tulun man zaitun.

"Sarkis. Bar dama. Ku bi hanyar gwanaye, sanda ta uku bayan lanƙwasa, ku leƙa hagu. Maƙogwaro."

"Me zai kai Bu Malhim Maƙogwaro? Shi ya raɗa wa wurin suna."

"Ba ya gani, Sarkis. Sanduna yake ƙirgawa."

"Ba ya me?"

"Ba ya gani! Shekara uku! Kuma sanduna uku babu a sama."

"Babu kamar yaya? Shekaranjiya na duba su da kaina."

Tanyus ya runtse ido. "Suna ƙofata. Allona na kafa da su."

Abin da ya manta, don tsoro kan kwashe wa mutum wayo, layin oba-obar nan ɗaya ne duk dutsen. Mai kujeru ya ji. Mai sayar da tikiti ya ji. Direban motar daddale ƙanƙara ya ji. Sai ga muryar mace ta shigo, a sanyaye kamar mai karanta addu'a: "Allah ya ba da ciniki, Bu Nadim." Widad ce, da Tanyus take. Kuma tsohuwar oba-obar da ke rataye a kicin, wadda Hasiba ke jin yanayin iska da ita, a kunne take.

Da ya fito, ba wanda ke tauna komai. Hasiba na tsaye riƙe da muciyar gurasa. Ya jira ta jefe shi da ita, har ya ɗan kauda kai. Ba ta jefa ba. Ta ajiye ta a hankali, ta je ta tsaya a taga ta ba shi baya. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi.

"Hasiba..."

"Kar ka kira sunana sai an kawo shi."

Ya sa takalmi zai fita. Ta ce, ba ta juyo ba, "Zauna. Ba za a raba masu nema biyu saboda kai ba."

Ya zauna. Agogon bango ya yi biyu da kwata, ya yi biyu da rabi. Matar Berut ta fito da carbi daga jaka, mijinta ya cire hula. Wani saurayi ya yi dariya a kan wani abu a wayarsa, budurwarsa ta mintsine shi. Ana jin tafasar miya da kukan iska a bututun murhu, shi ke nan.

Uku saura kwata oba-oba ta ce, "Mun gan shi." Daga nan ta ɗauke. Tanyus ya girgiza ta, ya buga ta a tafin hannu. "Kun gan shi yaya? Sarkis! Yaya?" Ba amsa. Minti goma sha biyu suka yi a haka, kafin suka ji rurin babur ɗin ƙanƙara a ƙofa.

Sarkis da wani suka shigo da shi a tsakaninsu, an naɗe shi da bargo, gira da gashin baki duk ƙanƙara, hannun hagu ɗaure a ƙirji. Dusar ƙanƙarar da ta taru a kwazazzabon ce ta tare shi, wuyan hannu kawai ya karye. Hasiba ta durƙusa tana murza masa ƙafa tana kuka tana yi masa faɗa lokaci guda.

Tsohon bai kula da hannun ba. Ya laluba ya kamo kafaɗarta.

"'Yata, kaina ya tafi," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Sha huɗu na ƙirga. Ina zaune a ramin nan na sake ƙirgawa ya fi sau ɗari, sha huɗu nake samu. Haka ya fara wa uwarki, da ƙirge. Gobe sunanki zan manta."

Hasiba ta ɗago ta dubi mijinta. "Faɗa masa."

"Bari ya ɗan ji ɗumi tukuna..."

"Yanzu."

Tanyus ya matso, ya durƙusa shi ma, ya kira shi Ammi, wato baffa, yadda ake kiran dattijo a can. "Ammi, ba kanka ba ne. Ni ne. Na cire sanduna a sama jiya."

"Nawa?"

"Uku."

Leɓunan Bu Malhim na motsi, yatsun hannun mai lafiya na lanƙwashewa ɗaya bayan ɗaya a kan bargon. Can sai fuskarsa ta washe.

"Ashe daidai na ƙirga! Kun ji? Daidai na ƙirga! Jaki ne kawai na aurar wa 'yata." Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Zuba min miyar nan, jaki. Lahadi mai zuwa in tarar da sanduna a wurinsu."

Tanyus ya miƙe da sauri zai ɗauko kwano, zuciyarsa ta fara komawa mazauninta. Sai Sarkis ya yi gyaran murya.

"Babu Lahadi mai zuwa, Ammi." Ya sa hannu a wuyan tsohon ya zare igiyar katin hawa a hankali. "Ka yafe ni. Duk dutsen ya ji. Ba zan iya cewa ban sani ba."

"Ya ji me?"

Tsohon ya shafa ƙirjinsa inda katin yake rataye shekara da shekaru, ya juya fararen idanunsa wajen da yake jin numfashin surukinsa.

"Har wannan ma ka faɗa?"

"Don a same ka ne, Ammi. Da ban faɗa ba..."

"Sarkis, kai ni ƙasa."

Ya ture kwanon da aka miƙo masa. Suka ɗaga shi suka fita da shi. Hasiba ta kwance rigar girkin da ta ɗaura a gabanta, ta ninke ta, ta ɗora a kan teburin ciniki, ta ɗauki rigar sanyinta.

"Ina za ki? Ga mutane cike, wa zai tsaya a kasko?"

"Ka kafa sanda."

Ta fita, ta bugo ƙofar har kofuna suka yi ƙara a kan tebur.