Mai Riƙe Wayar Cleophus

Tun kafin a gama soya tarwaɗa, mashayar nan ta kudancin Chicago ta cika maƙil, ga shi kuwa la'asar ce ta Lahadi. Da gangan Verlene ta zaɓi teburin bakin hanyar da ta ratsa tsakanin tebura. Ta san halin Cleophus, makaɗin da zai yi wasa yau: in kiɗan bulus, na baƙaƙen Amurka, ya ratsa shi, sai ya sauko daga dandamali ya bi jama'a tebur-tebur da jitarsa.

Ai ita ce mai riƙe masa waya a da, lokacin da suke da aure. A zamanin, jitar lantarki ba ta kuka sai da doguwar waya haɗe da lasifika, Verlene kuwa tana biye da shi, tana warwarewa tana naɗewa a hannu. In ya daɗe a teburin wata mace, ta fizga sau ɗaya, ya dawo hayyacinsa. Ranar da ya bi sababbin makaɗa zuwa Turai, ya bar ta da wayar, da kuma ciki.

'Yar da ta haifa ta rasu bara, ba ta taɓa sa ubanta a ido ba. 'Yar marigayiyar, Darnisha, ita ce ta nace sai an kawo ta ya gan ta.

"Kaka, kin tabbata zai gane ni?"

"Da wannan goshin? Ai nasa ne aka kwafo, har da taurin kan. Gyara zama."

Cleophus ya fito cikin jar kwat, tsufa ya ranƙwafar da shi. Verlene ta so ƙwarai a ce hannun ma ya mutu, amma ina. Da ya danne tsirkiya ɗaya ya karkata ta, sai jitar ta saki wani kuka da ya tayar mata da tsikar jiki, ta ji haushin kanta. Mutum ya zama abin da ya zama, Allah kuma ya bar masa yatsunsa.

Can ya sauko. Babu waya yanzu, wani ɗan akwati ne maƙale a ƙugunsa, babu mai bin bayansa. Ya wuce teburin 'yan yawon buɗe ido, ya zo daidai nasu ya tsaya. Ya ƙura wa Darnisha ido, ya daɗe yana kallo. Verlene ta ji yarinyar ta damƙe mata gwiwa a ƙarƙashin tebur.

Sai ya sunkuyo, ya sa jitar ta yi irin fiton da maza ke yi wa mace a titi. Wuri ya kaure da shewa.

"'Yan mata, ina kika ɓuya tun ina da haƙorana?" in ji shi, yana kashe ido. "Gobe ki dawo ke kaɗai. Tsohuwar nan ki bar wa coci."

Hannun Verlene ya fizga baya da kansa, da ƙarfi, yadda ya saba. Babu komai a cikinsa. Gwiwar hannunta ta ture kofi, lemo ya kwarare mata a rigar Lahadi. Cleophus ko waiwaye bai yi ba, har ya kai teburi na gaba, ana ta yi masa tafi.

"Idonsa ne ya lalace," in ji Verlene tana goge riga. "Bari ya gama, mu same shi a bayan dandamali."

 Darnisha ta sa hannu ta jawo gashinta a hankali, ta rufe goshin.