Gaba Arba'in a Rijiyar Kawu Jimrau

Wata biyu da shigar Ramla ajin kimiyya a lise, babbar sakandare ta Dakoro, fizik ta sa ta ramewa. Yarinyar da ba a taɓa kayar da ita a lissafi ba, yau ga ta tana karɓar huɗu bisa ashirin! Mushe, malaminsu, zai cika allo da dutsen da aka saki daga sama, nisan da ya yi, gudun da ya kai, ita kuwa ta kwafe tsaf a kaye, littafin rubutunta, ta koma gida ta zura wa aikin ido har hawaye su zubo. Haruffa dai take gani, ba ta ga dutse ko ɗaya ba.

Ran Juma'a ta yanke shawara: ta bar kimiyya, ta koma ajin adabi, likitancin da take mafarki a kai kasuwa. Sai dai ba a sauya aji sai da yardar mai riƙonta, Kawu Jimrau, wanda ke kiwo can wajen Azagor. Don haka ta hau mota ta tafi ta faɗa masa.

Ta iske shi bakin rijiya da hantsi, raƙumi na jan igiya, wasaki na fitowa cike da ruwa, shanu na turereniya. Mutum ne da ko harafi bai sani ba, amma bakinsa ya fi aska.

"A'a, likita ce da kanta! Allura aka zo yi mana?"

Don ta ɓoye kunyar maganar da ta zo da ita sai ta leƙa rijiyar. Wai! Duhu ne kawai, ba a ko hango ruwa.

"Kawu, zurfinta nawa?"

"Ke da ke karatun lakkwal kike tambayata? Faɗa mini."

Haushi ya kama ta. Ta ɗauki tsakuwa, ta kunna agogon salularta, ta saki. Shiru, shiru, kamar ba za ta isa ba, sannan can ƙasa: tsulum! Daƙiƙa huɗu. Ta durƙusa ta zana lissafin Mushe a kan rairayi da yatsa, ya ba ta metir saba'in da takwas. Ta sa Kawu ya buɗe hannuwansa ta auna gabarsa da regil, ma'aunin tsawo na makaranta, makiyaya na ta dariya, ta raba zurfin da tsawon gabar.

"Gaba arba'in da biyar."

"Arba'in," in ji Kawu. "Ni na tuƙa igiyar nan da hannuna. Gaba biyar ɗin naki, a ina kika samo su?"

Shi ke nan. Ko a daji ma fizik ba ta bar ta ba. Ta sa ƙafa za ta shafe rubutun.

"Tsaya, 'yar nan. Yaushe kika tsayar da agogon naki?"

"Da na ji ƙarar."

"To ai ƙarar ma matafiya ce! Shekarar da muka yashe rijiyar nan ni na sauka. In mai guduma ya bugi dutse a ƙasa, na sama sai ya ga fitila ta girgiza kafin ƙara ta iso masa. Dutsenki ya sauka, ƙararsa kuma ta hawo. Ke kin haɗa tafiya biyu kin ɗora wa mutum ɗaya."

Ramla ta buɗe kaye. Gudun sauti na nan, metir ɗari uku da arba'in a daƙiƙa, ta haddace shi tun makon farko ba ta san amfaninsa ba. Ta cire ɗan lokacin hawowar, kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, ta sake lissafi a rairayi. Metir saba'in da ɗan ɗoriya. Ta raba da gabar Kawu.

Arba'in.

Ta daɗe tana kallon lambar. Ashe haruffan nan ba ƙarya ba ne! Daga bakin rijiya sun sauka cikin duhun da idonta bai kai ba, sun taɓo ruwa, sun dawo mata da abin da igiya ta sani. Mamaki ya cika ta har ta ji tsoro.

Kawu Jimrau ya tsuguna ya dubi zanen da ba ya iya karantawa, ya kare shi da sandarsa kada maraƙi ya taka.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. "Ba ki taɓa igiya ba." Ya ɗago kai. "To, me ya kawo ki tun daga Dakoro?"

Ramla ta share ido da bakin mayafi.

"Kawu, akwai wata rijiyar kusa?"