Awa Takwas a Zauren Gidan Tsai

Aikin Lai Yueh-o ba shi da suna mai daɗin faɗa. Ita ba likita ba ce, ba kuma mai wankan gawa ba. Ana kiranta ne idan asibiti ya ce a mai da mutum gida ya cika a gaban nasa, sai ta zo ta zauna da mai tafiya, ta kuma hana masu rai cinye juna. Takan ce na biyun nan ya fi gajiyarwa.

Ranar nan a garin Chiayi ta tarar an riga an kwantar da tsohuwar gidan Tsai a zaure, ƙafafunta wajen ƙofa yadda aka saba. Numfashi na fita da ƙyar. Babban ɗanta Wen-pin ya kunna 'yar na'urar da ke maimaita sunan Buddha, ya kuma kafa doka: ba kuka, ba taɓawa. A wurinsa rai ba ya barin jiki nan take, yakan yi awa takwas yana saki a hankali, kuma ko yatsa aka ɗora wa mamaci a lokacin an azabtar da shi, ransa ya ɓaci, ya saki hanya. Wen-pin ya yarda da wannan har cikin zuciyarsa, Yueh-o kuwa ba ta taɓa yi wa imanin kowa dariya ba.

Damuwarta ƙanwarsa ce, Shu-chuan, wadda ta shiga coci tun tana budurwa. Da ubansu ya rasu ta ƙi riƙe turaren tsinke a gaban akwatin gawarsa, uwar ta ce to, kada ta ƙara riƙe mata hannu. Maganar fushi ce, amma gidan Tsai ba a mayar da magana. Shekaru suka wuce ana gaisawa daga nesa. Yanzu ga Shu-chuan ta sauko daga jirgin ƙasa, ta tsaya a bakin ƙofa da ledar gwaiba, kamar mai kawo saƙo. Idan numfashin nan ya yanke tana tsaye a wurin, shi ke nan, ta rasa hannun uwarta har abada.

Ƙanwar ubansu, Gwaggo A-kiau, ta dube ta sama da ƙasa. "A zamaninmu 'ya mace da rarrafe take shigowa, tana kuka tun daga bakin titi."

"Ba kuka, Gwaggo," in ji Wen-pin.

"Ji shi. Wannan ba ta durƙuso, wancan ba ya kuka. Matar wana ta haifi itatuwa."

Yueh-o ta leƙa fuskar tsohuwar, ta ga lokaci ya ƙure. Wa'azi ba zai yi ba, roƙo ma ba zai yi ba, don Wen-pin irin mutanen nan ne da in ka roƙe su sai su ƙara sandarewa.

"Malam Tsai," ta ce, "awanninka takwas ba su fara ba tukuna, tana nan da ranta. Dubi leɓenta, ya bushe."

"To ki jiƙa mata mana, Anti."

"Ni? Yanzun nan na ci shinkafa da naman talo-talo a tasha. Matar da ta bar nama tun rasuwar mijinta, so kake in kai mata maiƙo baki?" Ba ƙarya ta yi ba, ta ci. Sai dai ga famfo can ga sabulu, ta ƙi kallon wajen. "Kai kuma hannunka rawa yake, sai ka shaƙe ta. Gwaggo ba ta gani sosai."

Ta miƙa wa Shu-chuan kofin ruwa da auduga. Wen-pin ya matsa gefe.

Shimfiɗar a ƙasa-ƙasa take, dole Shu-chuan ta sa gwiwa.

"Ko banza dai ta durƙusa," in ji Gwaggo.

Shu-chuan ta shafa audugar a leɓen uwarta. "Mama, ni ce. Na zo." Tsohuwar ba ta buɗe ido ba. Amma hannunta ya ɗago daga bargo, ya lalubo wuyan hannun 'yarta, ya damƙe. Yueh-o ta sha ganin wannan. Wani lokaci yafiya ce, wani lokaci kuwa hannun mai tafiya ne kawai ke kama abin da ya samu. Ba ta san wanne ne ba, kuma ba ta ga dalilin faɗa ba.

Numfashin ya ja, ya tsaya, ya sake ja. Sai bai dawo ba. Yueh-o ta jira har ta tabbatar, sannan ta ce a hankali, "Ta tafi."

Na'urar ta ci gaba da kiran sunan Buddha. Yatsun tsohuwar suna nan a naɗe, ba su saki ba. Shu-chuan ta ɗago ido ta dubi wanta, a tsorace, don ba ta zo ta ɓata masa abin da ya shirya wa uwarsu ba.

"Yaya, in zare?"

Zarewa sai an ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Kowa a zauren ya san haka. Tausayin Wen-pin ya kama Yueh-o, ganin yadda ya tsaya yana murza carbinsa, bakinsa na motsi ba sauti. Ta bar masa zaɓi. Wannan hukuncin nasa ne.

"Kada ki motsa," ya ce daga ƙarshe. "Ko ƙafarki ta mutu, kada ki motsa."

Ya ɗauko matashi ya tura mata ƙarƙashin gwiwa. Hawayenta sun riga sun fara gangarowa, ga hannu ɗaya a riƙe, ɗayan da kofi. Hawaye kuwa bai kamata su ɗiga a jikin mamaci ba. Wen-pin ya duba dama ya duba hagu, sannan ya zaro hankici daga aljihu, ya durƙusa kusa da ita, ya tare mata shi a haɓa.

"In za ki yi addu'arku, ki yi a zuci," ya ce.

"Tun ɗazu nake yi, Yaya."

Ya gyara zama, ya ɗauki karatunsa daga inda na'urar ta kai, hankicin yana hannunsa. Yueh-o ta karɓe kofin, ta fita neman kujera wa Gwaggo, don zaman zai yi tsawo.