Jitar da Baba Ya Sassaƙa

Jiya muka binne ƙanena Clive. Jaridu sun cika da labarin yadda yake kaɗa jita da ƙasashen da ƙungiyarsu ta makaɗa ta zaga. Ni abin da nake tunawa daban ne.

Babanmu a masana'antar ƙarfe yake aiki a garin Sheffield. Shi ya sassaƙa wa Clive jitarsa ta farko da ƙyauren tsohon kabad, ya shafa mata jan fenti. Ranar da Clive ya ajiye aikin masana'anta ya bi makaɗa, Baba ya ƙwace ta ya rataye a ɗakinsa. Shekara takwas ko gaisuwa babu.

A 1974 ciwon huhu ya kwantar da Baba. Wata Asabar ƙungiyar ta zo wasa a wani fili a bayan gari. Baba ya nuna mini jitar.

"Maureen, kai wa ƙanenki mai gashin matan nan. Ki ce ya zo mu sha shayi."

Na tarar sun riga sun hau dandamali. Norman, mai kula da kayan kiɗansu, ya shigar da ni ta baya.

"Yau yayar sarki ce da kanta! Zauna nan, kar ki taɓa komai."

Ya tafi gyara wata waya. Na ga wani maratayi kusa da labule babu komai a kai, sai na ɗora jitar don Clive ya gani idan ya sauko.

Ban taɓa zuwa wasansu ba. Ban san a ƙarshen kowane wasa Clive yakan miƙa hannu bayan labule ba tare da ya duba ba, ya ɗauko wata jitar banza da Norman ke ajiyewa a kan maratayin nan, ya farfasa ta jama'a na ihu.

Ranar, jitar Baba ya ɗauko. Sau uku ya maka ta da ƙasa. Sai ya tsaya yana kallon jan guntun da ya rage a hannunsa.

"Yaya, wa ya kawo wannan?" ya tambaye ni da ya sauko.

"Ni ce. Baba ya aiko, ya ce ka zo shan shayi."

"Da wane ido zan kalle shi?"

Na roƙe shi, ya ƙi. Na koma gida na ce wa Baba Clive ya rungume jitar, aiki ne ya riƙe shi.

"To ya zo ya kaɗa mini, in ji ko har yanzu tana da murya."

Na ce gobe. Kwana tara ina cewa gobe, a na goma Baba ya rasu. Na san halinsa, da na faɗa masa gaskiya dariya zai yi, ya ce ai ƙyauren kabad ne, yaron ya zo kawai.

Clive bai sake fasa jita ba. Da nake kwashe kayansa bayan rasuwarsa na sami guntun nan a naɗe cikin tsohuwar rigar aikin Baba. Na sa masa a akwatin gawa.