Baƙin Miki a Wuyan Ashafa

"Ku ɗage askar nan, Baba Uba! Don Allah ku ɗage ta!"

Hajjo ce ta faɗo zauren da gudu, mayafi a hannu. Mijinta Ashafa na jingine da bango, wuyansa ya kumbura har ya haɗe da haɓa, numfashi na fita da ƙyar. Uba wanzami ya riga ya ɗora aska a gefen mikin.

"Ke 'yar nan, shekara talatin ina tsaga maruru a Challawa," in ji shi. "A fitar da mugun jini, gobe ya koma aiki."

"In kuka tsaga wannan, Baba, ba na jin zai ga goben."

Malam Isyaku ne ya faɗa, yana shigowa da jakarsa. Shi ne mai ba da magani a kamfanin jima inda Ashafa ke dakon busasshiyar fata, wurinsa Hajjo ta ruga tun da aka idar da Azahar. Ya durƙusa ya juya kan Ashafa wajen haske. Mikin bai wuce faɗin kwabo ba, tsakiyarsa baƙi ƙirin kamar gawayi, ƙananan ƙuraje masu ruwa sun kewaye shi.

Ya danna gefensa. "Da zafi?"

"Ko kaɗan," in ji Ashafa da dasasshiyar murya. "Ƙaiƙayi ne kawai. Shi ya sa na ƙyale shi kwana huɗu."

"Kun ji, Baba? Maruru ne babu zafi, babu mugunya? Saifa ce."

Wanzami ya ja da baya. "Saifa ai ciwon shanu ne."

"Daga su take zuwa. Saniya ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na zuba ta hanci ba ya daskarewa. Maimakon a binne ta, sai mai ita ya ji asara, ya feɗe, ya shanya fatar. Ƙwayar cutar kuwa sai ta yi wa kanta ɓawo ta kwanta a ciki. Rana ba ta kashe ta, gishiri ba ya kashe ta, ko shekara ashirin za ta jira. Ashafa, a kafaɗa kake ɗaukar fata, ko?"

Ashafa ya gyaɗa kai.

"Gefen fatar ya karce ka, ta samu ƙofa. Aska kuma jini za ta kai ta."

Yana magana yana aiki. Ya dangwali ruwan ƙurjin ya shafa a ɗan gilashi, ya ce a asibiti za a duba da madubin likita. Bai jira sakamako ba. Ya haɗa allurar fanisilin, ya soka masa a cinya.

"Zai tashi, Malam?" Hajjo ta tambaya.

"In kumburin bai toshe maƙogwaro ba kafin mu isa Kano. Saifa ta fata tana jin allura. Wadda aka ci ko aka shaƙa ce ke kayar da mutum cikin kwana biyu." Ya ɗago ya dubi Ashafa. "Ɗaurin fatar nan da ka sauke, akwai abin da ya fita daga kamfani?"

Kowa a Challawa ya san al'adar. Gefe-gefen da aka datse daga fata, lebura kan cusa a buhu ran Juma'a ya kai gida a yi ganda. In manaja ya kama ka, kora ce.

"Babu," in ji Ashafa.

Hajjo ta sunkuyar da kai.

Suna cicciɓar shi zuwa a-kori-kurar da ke jira a ƙofar gida, sai wani mutum ya tsaya a kan keke, rigarsa sharkaf da gumi. Ba wanda ya san shi.

"Salamu alaikum. Nan ne gidan Ashafa, yayan Binta?"

Hajjo ta gyaɗa kai.

"Daga Kumbotso nake, maƙwabcinsu ne ni. Gandar nan da ya aika aka dafa ran suna..." Ya share gumi. "Mutum bakwai ne kwance. Binta mai jegon ta fara aman jini."

Malam Isyaku ya leƙa cikin jakarsa. Kwalbar fanisilin biyu ce ta rage.