Ɗigo Biyu

Saƙo na ɗari biyu da sha huɗu da Injiniya ya aika wa masu ɗaukar ma'aikata shi ne ya dawo da amsa cikin daƙiƙa huɗu. Ko kofin shayin da ke gabansa bai kai baki ba.

Wata bakwai ke nan tun da kamfaninsu ya tara su a ɗakin taro, aka yabe su har suka fara jin kunya, sannan aka karɓe makullan ofis. Tun daga ranar aikinsa ɗaya ne. Ya zauna a teburin cin abinci, ya ture kwanukan yara gefe, ya tono adireshin imel na mutanen da ba su san shi ba, ba su kuma roƙi su san shi ba, ya rubuta musu cewa ya daɗe yana sha'awar kamfaninsu. Wasu kamfanonin a safiyar ya fara jin sunansu. Shekara ashirin da biyu yana rubuta manhajar kwamfuta, bai taɓa sanin Allah ya yi masa baiwar ƙarya haka ba.

Yawancinsu ba sa tankawa. Wannan dai ya tanka:

"Mun gode da sha'awarka. A wannan karon ba za mu ci gaba da kai ba. Muna maka fatan alheri.."

Ya matso da hancinsa jikin allo. Ɗigo biyu ne a ƙarshe. Ya sa hannun riga ya goge, ko ƙuda ne ya yi aikinsa. Ɗigo yana nan daram.

Ya san ɗigon nan, don nasa ne. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, wannan kamfani mai nemo wa wasu kamfanoni ma'aikata ya ba shi kwangilar rubuta manhajar da za ta riƙa tace saƙonnin masu neman aiki kafin ɗan Adam ya gani. Shi da bakinsa ya raɗa mata suna Rariya. Dokoki biyu aka ce ya sa mata: wanda ya wuce shekara goma sha biyar da gama makaranta, waje, wanda ya yi fiye da wata shida ba ya aiki, waje. A lokacin kansa baƙi wuluk, ya rubuta dokokin yana fito. Da manaja ya nuna masa ɗigon da ya yi yawa, ya ce gobe zai gyara.

"Baban yara, ɗaga kwamfutarka zan goge tebur," in ji uwargida. Ba ta jira ba, ta bi ta gefen gwiwar hannunsa da tsumma. "Yaya ya sake bugowa. Ya ce ran Litinin ko ka je shago, ko ya ɗora wani a kujerar. Ya gaji da ajiye maka ita."

"Ki ce masa ina tsakiyar magana da wani babban kamfani."

"Kai ke magana. Su sun ce uffan?"

Yaya wanta ne, mai shagon kayan famfo, kuma tun da aikin ya tafi ba ya kiran Injiniya sai da Injiniyan Falo. Yana da dalili. Akwai ranar da Injiniya, cikinsa cike da albashi, ya ce masa a gaban dangi, "Yaya, ku toshe yoyo, mu kuma mu gina gobe." Kowa ya yi dariya ya manta, ban da Yaya.

Injiniya ya dubi ɗigonsa, sai ya ji wani daɗi ya taso masa, irin na ɓarawon da ya tarar shi ya ƙera kwaɗon. Ya buɗe takardar tarihin aikinsa, ya share shekarar gama makaranta. Wata bakwai na zaman falo ya cike su da "mai ba kamfanoni shawara". Ba ƙarya ba ce ƙwarai, kullum yana ba su shawara su ɗauke shi. Ya sake aikawa, ya zuba wa agogo ido. Daƙiƙa huɗu suka wuce. Minti ya wuce. Rariya ta haɗiye.

Ran Laraba wata mai ɗaukar ma'aikata ta amsa da layi ɗaya: ya zo gobe ƙarfe goma.

Ofishin yana hawa na uku, bango duk gilashi, ga fulawar roba da ba a taɓa kaɗe ta ba, ga na'urar ruwan sanyi babu kofi ko ɗaya. Matar ba za ta wuce talatin da biyar ba. Ta dubi takarda, ta dubi furfurarsa, ta sake duban takarda.

"Baba, ɗanka ka rako?"

"Ni ne da kaina, ranki ya daɗe."

"Kai ne." Ta cire tabarau. "Wace shekara ka gama makaranta? Na ga takardar ta yi shiru a nan."

"Mantuwa ce."

"Ka tuna lambar gidanku, ka tuna kana son wasan dara, shekarar ce kaɗai ta ɓace maka? Su wane ne kamfanonin da kake ba shawara? Faɗi ɗaya in buga musu yanzu."

Injiniya ya gyara zama. Kujerar irin mai lotsawa ce, wadda ke sa mutum ya riƙa kallon mai tambaya daga ƙasa.

"Ka san saƙo nawa ke shigo mini a rana?" ta ci gaba. "Kowa ya daɗe yana sha'awarmu. Na ware maka rabin awa cikin ranata, Baba, ashe zamba ka yi wa na'ura."

A nan ne ya ga lokaci ya yi da zai fito da babban makaminsa. Ya yi murmushin manya.

"Ranki ya daɗe, ba kowa ke iya yi mata zamba ba. Ni na rubuta ta. Rariya. Duba ƙarshen amsar da take aikawa, za ki ga ɗigo biyu. Hannuna ne."

Ya jira ta miƙe ta kira manaja. Ba ta miƙe ba. Ta mayar da tabarau a hankali, ta ƙura masa ido.

"Ashe kai ne mai ɗigon."

"Ni ne."

"Sau talatin da ɗaya na karɓi wasiƙarka. Shekara biyu na ajiye aiki ina jinyar mahaifiyata. Da ta rasu na dawo nema, duk kamfanin da na rubuta wa ta hannun ofishin nan, daƙiƙa huɗu. Har na iya ƙirga su da ido a rufe. Na ɗauka ni ce ba ni da amfani. Sai da na shigo nan ta teburin karɓar baƙi, ina ba mutane ruwa, sannan na ga dokar wata shida da idona."

"Umarni aka ba ni," ya ce, muryarsa ta koma ta ɗan makaranta. "Kuma ai kin ga, ni ne kaɗai zan iya cire ta. Aikin minti goma ne."

"Aikin minti goma, shekara goma sha ɗaya. Ina ka shiga?"

"Ba ta taɓa ni ba a lokacin."

Wannan ce gaskiya ta farko da ya faɗa a wata bakwai, kuma bai ga ta amfane shi da komai ba.

Ta juya ga kwamfutarta, ta yi rubutu da yatsu biyu, ba gaggawa. Wayarsa ta yi ƙara a aljihu.

"Duba mana, Baba."

Ya duba. Mun gode da sha'awarka. A wannan karon ba za mu ci gaba da kai ba. Muna maka fatan alheri. Ɗigo ɗaya.

"Na gyara maka," ta ce. "Mutum ne ya karanta, mutum ne ya amsa. Ni ban samu haka ba. Ja ƙofar da ƙarfi, tana maƙalewa."

Ran Litinin ƙarfe takwas yana shagon kayan famfo, da rigar da ya je intabiyu da ita. Yaya ya tare shi da hannu biyu, da murya yadda maƙwabta za su ji.

"A'a, masu gina gobe! An gama ginin ne? Shigo, shigo, kula da bututu."

Kujerar tana bayan kanta, tsakanin buhun gwiwoyin famfo da fanka mai juyawa gefe ɗaya. Kafin azahar mutum uku sun leƙo suna tambaya ko ana neman ma'aikaci. A na huɗu Yaya ya ƙosa, ya jefo masa kwali da maka, alƙalamin nan mai kaurin baki.

"Injiniya, ga aikinka ya samu. Rubuta mana ba a neman ma'aikata, mu manna a ƙofa mu huta."

Injiniya ya cire murfin makar, ya dubi kwalin, ya mayar da murfin.

"Yaya, a bar shi. Duk wanda ya zo a turo mini shi, ni zan gaya masa da baki."

"Kai ka ga za ka iya," in ji Yaya. "Amma a tsaye za ka riƙa yi. Kujerar ta masu sayayya ce idan sun zo."